Ƙofar Ɗakin Yaya

Karo na uku ke nan ƙofar ɗakin Yaya ta ƙi rufuwa, kuma kowane karo injiniya, ƙaninta, kan mijinta yake ɗora laifin, don shi ne kafintan da ya yi ta. Har a gaban 'ya'yansa ya taɓa ce masa ɗanyen katako ya sa. Bawan Allah sai ya cire ƙofar ya rage bakinta ya mayar.

Injiniyan ne ya gina musu gidan, a wani fili mai laka da ko akuya ba ta yarda ta taka da damina. Ya sa aka kafa dogayen turakun siminti goma sha biyu har suka taɓo ƙasa mai tauri, aka ɗora gidan a kansu. Nan kam ya yi aiki, ba mai hana shi. Daga baya, don kada ruwa ya kwanta a tsakar gida, ya sa tifa ta yi ta jibge jar ƙasa a kewaye har ta kai ƙugun mutum. A ranar, kafinta ya tambayi injiniya ko lakar za ta ɗauki wannan nauyi. Ya yi dariya, ya ce gida kan turaku yake, ina ruwansa da laka.

Yau da hantsi ya zo da na'urar awo, wai don ya rufe bakin kowa. Sai ga kusurwar ɗakin Yaya ta sauka da kusan yatsa uku. Ya sake aunawa, bai canza ba. Nauyin jar ƙasar ne ke matse lakar tana nutsewa a hankali, kuma ba ita kaɗai take tafiya ba, ta manne a jikin turakun tana jan su ƙasa kamar yaro riƙe da zanen uwarsa. An koya masa wannan a makaranta, har jarrabawa ya ci a kai. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Yaya ta fito da kofin ruwa tana mita, ta ce tsufa ya kama maigidan, gobe wani kafintan za ta kira ko a huta. Mijin yana durƙushe yana kwance ƙofar, ya ji komai.

"Yaya, ƙofar lafiyarta lau," in ji injiniya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Gidan ne ke sauka. Ƙasar da na zuba ce."

"Na sani," kafinta ya ce, bai ɗago ba. "Tun karo na biyu na auna bangon."

"Me ya hana ka faɗa, Yaya Babba?" injiniya ya tambayi kafinta.

"Duk baƙon da ya shigo sai ta gaya masa ƙaninta ne ya gina. Ni kuwa rage ƙofa ba ya yi mini wuya."

Yaya ta tsaya da kofin a hannu. Injiniya ya ajiye na'urarsa, ya sunkuya ya riƙe masa ƙofar.