Hancin Raliya

Raliya ta suri kaskon turaren da hannu biyu ta yi waje da shi, garwashi na zubo mata a zane, ba ta ma ji zafinsa ba. A bayanta Mama Emilia na durƙushe a bakin gado, ƙirjinta na fito kamar buta a kan wuta. Ɗanta Nelson ya zazzage jakar magani a ƙasa yana laluben abin shaƙa na buɗe ƙirji har ya samo shi. Sai da aka jawo tsohuwar bakin ƙofa, ta shaƙa sau huɗu, sannan idanunta suka dawo daidai.

Awa ɗaya kenan da dawo da ita daga asibiti, bayan sati uku a kwance.

Mama Emilia ce mai gidan. Shekara goma sha ɗaya Raliya da mijinta Sambo suna haya a ɗakuna biyu na wajen rijiya. Tsohuwar 'yar Manchok ce, ta yi shekara talatin da ɗoriya tana suyar ƙosai da doya a bakin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, a kan itace, har hayaƙin ya cinye mata huhu. Ita kuwa Raliya sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma a gidan da ta tashi, wanda ya dawo daga jinya ana share masa ɗaki a turara shi, don a kori warin asibiti. Saboda haka ta ɗebo wanda take ɓoye wa amare, mai tsada, ta rufe tagogi don ƙamshin ya kama labule da kyau. So ne tsagwaronsa, kuma saura ƙiris ya yi kisa.

Nelson bai zagi Raliya ba, da ma ya zage ta da ta fi jin sauƙi. Ya dai tsaya a tsakar gida yana kallon murhu uku a jere, da janaretan Doreen mai gyaran gashi da ke haya a ɗakin gaba, da ramin da Sambo ke ƙona shara. Ya ce likita ya hana hayaƙi da turare da duk abin fesawa, gidan nan kuwa ba abin da babu. Asabar ta sama zai zo da mota ya tafi da uwarsa Abuja, inda yake aiki.

"Ba zan je ba," in ji tsohuwar, tana yanka maganar gida-gida. "Babanka ya mutu a ɗakin nan. Ni ma nan."

"Mama, gidan nan zai kashe ki."

"Abuja wa ya san ni? Za ka ajiye ni a saman bene kamar kaya."

Ya ce an gama magana, ya shiga mota ya tafi.

Raliya ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, don ta san ita ta ba shi hujja. Matar da ta kama mata hannu a haihuwarta ta fari, yau ga shi ita ce sanadin da za a raba ta da ɗakinta. Amma Raliya ba mai zama da kuka ba ce. Washegari ta tafi asibiti ta tare wata nas a baranda, ta yi ta jero mata tambayoyi har nas ɗin ta ce ko dai makaranta take son shiga. Ta dawo gida da kwana goma sha biyu a hannu kafin Asabar ɗin.

Da kanta ta fara. Ta kwashe kwalabe da itatuwan turarenta kaf a keke napep ta kai gidan yayarta, can za ta riƙa aiki. Kayan sawarta sai da ta wanke su sau uku da sabulun salo kafin ƙamshin shekaru ya saki. Sambo ya yi ƙunƙuni cewa ya auri mai turare an musanya masa da mai warin sabulu, ta ce ya yi haƙuri, kuma tunda bakinsa a buɗe yake, ya sani daga yau shara kwashe ta zai riƙa yi, ba ƙonawa ba. Murhu aka mayar bayan katanga, ta gefen da iska ke kwashe hayaƙin zuwa fili. Maganin sauro na kunnawa ya bar gidan, aka ɗaura gidan sauro. Ba a shara sai an yayyafa ruwa, ba a soya manja har ya yi hayaƙi. Doreen ce ta ɗan ja, ta ce kwastomominta ba za su zauna a titi ba. Raliya ta kai ta ƙofar tsohuwar ta ce ta tsaya ta saurara. Doreen ta saurari numfashin minti ɗaya, da yamma sai ga ta tana jan janareta zuwa gindin mangwaron bakin hanya.

Abin da ba wanda ya lissafa da shi su ne masu dubiya. Ranar Alhamis matan zumunta na cocin Mama Emilia suka taho su tara cikin anko, da littattafan waƙa, kowacce ta feshe jikinta don girmama mara lafiya. Tun daga kwana Raliya ta jiyo su. Hancin nan da ke bambance turaren sandal na gaske da na jabu a rufaffiyar kwalba, turaren kanti ba zai wuce shi ba. Ta ajiye bokiti da sabulu a ƙofar gida, ta tsaya.

Shugabarsu, Mama Hephzibah, ta ɓata rai. Ta ce shekara arba'in suna addu'a tare da Emilia, ba a taɓa shinshina su a ƙofa kamar nama a kasuwa ba. Raliya ta russuna ta ce su yi addu'a har yamma, ita ma amin za ta ce, wuya da hannu kawai za a wanke. Ana cikin haka muryar tsohuwar ta fito daga ciki.

"Hephzibah, wanke wuya ka shigo. Ba za ka mutu ba."

Suka wanke suna dariya, biyu aka ara musu mayafi saboda nasu ya sha turare. Daga ranar har fasto sai ya miƙa wuya an shinshina.

Asabar ɗin ta zo, Nelson ya iso da hantsi, ya buɗe bayan mota don kaya. Raliya na tsaye a ƙofa. Ya gaishe ta a gajarce zai wuce, ta tare hanya.

"Nelson, ba za ka shiga da rigar nan ba."

"Anti Raliya, gidan ubana ne fa."

"Na sani. Turarenka ya fi wanda na kunna ranar nan ƙarfi. Ni na yi kuskure sau ɗaya, ba zan bari a sake ba, ko da kai ne."

Ya dube ta, ya dubi bokitin. Ya sunkuya ya shinshina kafaɗarsa. Daga nan ya cire agogo ya wanke wuya kamar kowa, aka kawo masa rigar Sambo wadda hannunta bai kai masa wuyan hannu ba.

Ya ratsa tsakar gidan a hankali. Inda murhu suke a da sai baƙin tabo a jikin bango. Uwarsa na zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗa, tana ganinsa cikin rigar aro ta hau shi da faɗa: ya rame, matarsa ba ta kira, jikokinta ba su iya gaisuwa da yarensu ba, kuma wa ya ce masa ita kaya ce. Ya tsaya yana sauraro. Raliya ta ga lokacin da ya lura, don ita ma abin da take lura da shi kenan. Tsohuwar ta kai ƙarshen faɗan ba ta tsaya neman numfashi ba.

Ranar Lahadi bayan coci ya rufe bayan motar ba komai a ciki. Ya karɓi lambar Raliya, ya ce duk abin da ya taso, daga bakinta zai fara ji.

Huhun da ya lalace ba ya komawa sabo, kowa a gidan ya san haka. Amma Mama Emilia ta ci daminar nan a gidanta. Ta ga masarar bayan ɗaki ta yi goyo, ta sasanta Doreen da saurayinta, ta koya wa Raliya sirrin ƙullun ƙosanta da ta hana kowa shekara talatin. Akwai ranakun wahala, akwai waɗanda har waƙa take bi in matan zumunta sun zo. A watan Satumba ta fara barin abinci, tafiya daga gado zuwa ƙofa ta zama aiki.

Wata Talata aka kwana ana ruwa, da safe ya ɗauke. Tsohuwar ta ce a fito da ita. Raliya ta zaunar da ita a kujerarta ta bakin ƙofa, ta sa mata matashi a baya.

"Raliya, ka ji ƙasa yana ƙamshi?" in ji ta. "Na daɗe ban ji ba."

Raliya ta ce ta ji, ta zagaya bayan katanga ɗauko kunu. Da ta dawo, tsohuwar ta jingina kai da jikin ƙofa, hannuwanta a kan cinya, bakinta a ɗan buɗe. Raliya ta kira ta sau biyu. Ta ajiye kofin, ta yi salati a hankali, ta rufe mata ido. Zuciyarta ta karye, amma ta nemo lambar Nelson ta kira shi.

Da ta gaya masa, ya ce, "A ina?"

"A ƙofar ɗakinta. A zaune."

"Ta sha wahala?"

"A'a."

Ta ji ya ja numfashi. "Na gode, Anti. Ga ni nan."

Kafin ta tashi ta gaya wa mutanen gida, Raliya ta ja zanen tsohuwar ta rufe mata ƙafafu, ta zauna a dokin ƙofar kusa da ita. Ragowar ruwan sama na ɗiga daga bakin kwano cikin baho, ɗaya bayan ɗaya.