Jan Lalle a Yashin South Beach

Duk wanda ya zauna a Park Hill, unguwar baƙi 'yan ci-rani a ƙasar Turawa, ya san Ramatou mai lalle. In aka tashi biki a unguwar, ko na 'yan Nijar ko na 'yan Ghana, amarya ba ta fita sai ta bi ta falonta a hawa na huɗu. Shekara ashirin da uku ke nan da ta baro Tanout ta Nijar, kuma har yau daga can ƙanwarta ke aiko mata da garin lalle, don ta ce na kanti ƙura ce aka rina. Mutum ɗaya ne tak sana'ar nan ba ta burge shi, kuma wai ɗan cikinta ne. Tun Abdoulaye yana makaranta, in abokansa za su zo gidan sai ya tura ƙwaryar lallen ƙarƙashin gado. Ba ta taɓa tanka masa ba, amma abin yana ci mata rai.

To, a cikin zafin bana ne Gariba ya tayar da ƙurar ƙwallon yashi. Gariba direban tasi ne, mutumin Nima ta Accra, mai tumbi da baki. Ya ga a wayarsa yadda ƙasashen wata nahiya ke buga gasar ƙwallon bakin teku, kowace da tutarta, sai ya ce su ma ba za a bar su a baya ba. Ya tara samarin unguwa aka raba su ƙasa-ƙasa har shida, aka riƙa haɗuwa a bakin tekun South Beach kowace Lahadi. Mutum biyar-biyar ne, zubi uku na minti goma sha biyu, kuma ba a shiga fili da takalmi. Ƙasar da ta zo ta ƙarshe za a cire ta baɗi, a ba 'yan Mali da ke jiran gurbi.

Abdoulaye ne kyaftin na Nijar, kuma Nijar ce ta ƙarshe, Laberiya na gabanta da kaɗan. Gariba bai bar abin ya wuce haka ba. Ranar da ya haɗu da Ramatou a tashar jirgin ruwa ta St. George, tun daga nesa ya fara.

"Hajiya Ramatou! Yaranku na trying paa, amma Nijar ba shi da teku kuraa. Yaya za ku yi beach soccer? Ku bari mu buga, ku zo ku sayar da fura."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta wuce. Da yammacin Lahadin da ta biyo baya ta tarar da ɗanta a kan kujera, ya tsoma ƙafafu cikin bokitin ruwan sanyi. Ta ce ya ɗaga ta gani. Tafin duk ya yi bororo, wani ya fashe. Ƙafar da aka raina cikin safa da kambas, ina za ta iya da yashin rana?

"Saura wasa nawa?" ta tambaye shi.

"One. Da Ghana, three weeks."

"Bon. In ciwon ya warke ka kawo mini su duka. A Tanout, in manoma za su shiga gona rairayi na tafasa, kakata lalle take ɗaura musu a tafi. Fata takan yi tauri, zafi ba ya cin ta."

Abdoulaye ya kalle ta kamar ta ce ya ɗaura zane. "Mama, no. Lalle na amare ne."

"Na amare ne a hannu, da fure-fure. Na ƙafar namiji magani ne. In kuma kun fi so a cire ku, sai ku zauna da ƙafafunku na jarirai."

Tsoron bakin Gariba ne ya kawo su, ba yarda da ita ba, kuma ta sani. Ranar Talata bayan azahar ƙartai bakwai suka jeru a falonta, kowa ya miƙe ƙafa. Ta kwaɓa lallen da ruwan bagaruwa, ta shafa da kauri har gefen yatsu, ta ɗaure kowace ƙafa da ledar kanti. Awa huɗu suka yi a zaune, in ɗaya ya motsa leda ta yi ƙara sauran su bushe da dariya. Sau uku aka yi haka kafin ranar wasa. Ta kafa musu doka guda: ranar nan kada wanda ya kuskura ya jiƙa ƙafarsa, komai zafi.

Da safiyar Lahadin ta ji ruwa na zuba a banɗaki, ƙofar kuma ba a rufe take sosai ba. Abdoulaye ne a bakin baho, yana dirzar gefen ƙafarsa da soso da lemun tsami, yana ƙoƙarin fitar da jan da ya hau sama inda ido zai gani. Ta tura ƙofar ta shiga. Ta so ta ce masa lallen Tanout ba ya jin soso, amma sai ta miƙa masa tawul kawai.

"Ka tsane ta da kyau," ta ce.

Ƙarfe ɗaya na rana aka sa wasan, a tsakiyar watan Agusta. Mutane sun cika bakin filin da lemomi da kulolin shinkafa. Da 'yan Nijar suka tuɓe safa, wata mata daga ɓangaren Ghana ta fara hangowa, ta rangaɗa guɗa. Nan take wurin ya ɗauka.

"Amare sun iso! Ina ango?"

Gariba ya riƙe tumbi yana dariya har lasifikar hannunsa ta faɗi. Latif, mai ci wa Ghana ƙwallo, ya zo ya durƙusa gaban Abdoulaye wai yana neman aure. Ramatou tana kallo ɗanta ya tura ƙafafunsa cikin yashi har idon sawu, bai ko dubi inda take ba. Ta gyara mayafinta ta zauna daram, ko da yake ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Zubin farko Ghana ta zura biyu, Nijar ɗaya. Gaskiya yaran Gariba sun iya ƙwallo, ba a hana su wannan. Sai dai su ma 'ya'yan safa da kambas ne. Ana busa hutun farko suka ruga bakin teku suka tsoma ƙafafu, suna sauke ajiyar zuciya. Wani ɗan Nijar ya yunƙura zai bi su, Ramatou ta ɗaga yatsa ɗaya daga inda take, ya koma ya zauna. Ta san abin da ruwa ke yi wa fata, kamar yadda duk matar da ta taɓa daɗewa a wanki ta sani.

A zubi na biyu jiƙaƙƙiyar ƙafa ta haɗu da yashi mai zafi. 'Yan Ghana suka fara tafiya a kan yatsu, mai tsaron gidansu yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan. Nijar ta farke, Latif ya ƙara ɗaya da kyar, Nijar ta sake farkewa, aka tashi uku da uku. A zubi na uku Latif ya zauna a ƙasa ya juya tafinsa, fatar ta saɓule, aka fitar da shi yana cije leɓe. Gariba ya daina magana a lasifika. Saura minti biyu Abdoulaye ya tayar da ƙwallo da yatsu, ya juya baya ya doka ta sama, ta shige ta kusurwa. Huɗu da uku aka tashi, kuma Laberiya ce ta koma ta ƙarshe.

Ramatou ba ta yi tsalle ba. Daɗi ta ji, amma ba gurbin Nijar ya kawo ta bakin tekun nan ba. Ɗanta take kallo.

Gariba ya tako tsakiyar fili, ya miƙa wa Abdoulaye lasifika. "Chale, kun ci mu. Faɗi gaskiya, wane coach ya yi muku training?"

Abdoulaye ya karɓa yana haki. Sai ya dafa kafaɗar Gariba, ya ɗaga ƙafarsa ta dama sama, jan tafin ya fuskanci jama'a, wayoyi suna ta ɗauka.

"Wannan ne," ya ce. "Lalle ne, daga Tanout. Mamana ta yi, Ramatou. Ga ta can da koren mayafi. Mama, zo. Babu hoto sai da ke."

Mata suka sa guɗa, har da wadda ta fara ta ɗazu. Ramatou ta miƙe, idonta ya ciko, ta taka zuwa igiyar da aka zagaye filin da ita. A nan ta tuɓe takalminta kamar kowa, ta sa ƙafa.

Wayyo Allah, wuta! Zafin ya ratsa ta har ƙoƙon kai. Ashe shekara ashirin da uku na bas da jirgin ruwa da kafet sun cinye ƙafar da ta zo da ita daga Tanout, ba ta sani ba. Ta ɗaura wa amaren da ba ta san adadinsu ba, ta ɗaura wa ƙartai bakwai, nata tafin kuwa fari sol. Tsakaninta da ɗanta akwai taku kamar talatin, ga shi ya buɗe hannu yana jiranta a gaban duk mutanen Park Hill.

Ta ɗaga kai, ta ci gaba da tafiya a hankali, ba ta ɗaga ƙafa da sauri ko sau ɗaya ba.