Atishawar Alƙali Brubaker

A watan Yulin 1987, a wasan da zai kai makarantar sakandaren Pruitt gasar besbol, wasan buga ƙwallo da sanda, ta jihar Iowa karo na farko tun 1961, alƙalin wasa Orval Brubaker ya yi atishawa a daidai lokacin da mai jifa ya saki ƙwallo. Ana yankan ciyawa a gonar da ke bayan fili, hancinsa kuwa bai taɓa shiri da ita ba.

Da ya buɗe ido sai ya ga ƙwallo tana birgima a ƙasa, mai bugu, Dewey Kowalczyk, yana tsaye ƙiƙam. Zagayen ƙarshe ne, an yi kunnen doki, 'yan Pruitt sun cika tashoshi ukun da ɗan wasa ke bi kafin ya dawo gida ya ci maki. In ƙwallon ta sami hannun Dewey, doka ta ba shi tashar farko, na tasha ta uku ya shigo gida, Pruitt ta ci. In gindin sandarsa ta sama, babu komai. Brubaker bai gani ba, bai kuma ji ba, ga shi bai taɓa yanke hukunci da ka ba.

"Ɗana, ta same ka?"

"Babu zafi, yallaɓai."

"Ba zafi na tambaye ka ba."

"Sanda ta sama, baba," in ji mai cafewa na ɗaya makarantar. "Har ƙara ta yi, kana can kana fama da hanci."

Matsalar ita ce al'ada. Tun zamanin kakanni, wanda ƙwallo ta buga ba ya murza wurin, kada mai jifa ya ji daɗi. Kocin Pruitt ya matso yana roƙo: "Dewey, don Allah murza. Ko ɗan yatsina fuska ka yi."

Daga kan benci kakan yaron, tsoho Stanley, wanda ya yi wa Pruitt wasa a 1931, ya ajiye gugurunsa. "In ka murza, da ƙafa za ka koma gida."

Dewey ya dubi koci, ya dubi kakansa, hawaye na taruwa, ya ce ai ciyawar ce ke damun idonsa shi ma.

Brubaker ya cire garkuwar fuskarsa, ya yi tunani. Sa'an nan ya miƙa hannu cikin girmamawa.

"Ban taɓa ganin jarumi irinka ba. Kawo hannu mu gaisa."

Yaron mai ladabi ne, ya miƙa. Brubaker ya matse. Ƙarar da Dewey ya saki ta sa mai yankan ciyawa ya kashe injinsa ya leƙo.

"Tashar farko," in ji alƙali, yana nunawa da hannu.

Kocin ɗaya makarantar ya zo yana neman a nuna masa inda doka ta halatta musabaha. Brubaker ya ce a nuna masa inda ta hana.

Tsoho Stanley kuwa ya daɗe yana taunar guguru kafin ya yanke nasa hukuncin: alƙali ne ya murza, ba yaron ba. Saboda haka a mota Dewey ya koma gida, hannunsa cikin kofin ƙanƙara.