Cokalin Ɗanbala

Shekara ashirin da uku muna ciyayya a ƙofar gidan Malam Iliyasu, limamin unguwarmu a Kwandiko. Bayan magariba kowa ya fito da akushinsa, a cinye wannan a jawo wancan. Kusa da ni kullum Ɗanbala ne. Tare aka yi mana kaciya, shi ya yi mini abokin ango.

Ni magini ne. Shekarar da naira ta kori fam, kuɗin mai suka shigo, ko'ina gini ake yi. Na bar jar ƙasa na koma siminti a Gwaram, ina damƙarsa da hannu yadda na saba. Kafin wata uku hannuwana suka kama ƙaiƙayi, suka tsattsage, suna tsattsafo ruwa. Na shafa man shanu, na sha saiwa, abin kamar zuga shi nake yi.

Wata rana na miƙa hannu cikin akushi sai Malam Iliyasu ya yi gyaran murya. Ɗanbala ya zaro cokalin ƙarfe daga aljihu.

"Hadi, riƙe wannan kafin Allah Ya kawo sauƙi."

Ashe sun riga sun gama magana a bayana. Ba wanda ya furta kuturta, amma washegari a murfin kwano aka ɗibar mini tuwo, kamar baƙo.

Da na ji akwai likitan fata da ke zuwa asibitin Birnin Kudu daga Kano sau ɗaya a wata, Ɗanbala na roƙa ya raka ni, don ya zama shaida. Muka hau motar kasuwa.

Likitan, wani siririn Bakano, ya kama hannuna da nasa ba ƙyama, ya juya shi. Ya ce in rufe ido, ya tsikare ni da allura. Na zabura.

"Ka ji ko? Inda kuturta ta ci, ba a jin allura. Malam Hadi, kirci ne, siminti ya tayar maka. Ba a ɗauka." Ya dubi Ɗanbala. "Kai ne ɗan'uwansa? Ku ci tare, ku sha tare."

Ya ba ni man shafawa safe da yamma, ya hana ni sabulun soda, ya ce kada in ƙara taɓa siminti sai da safar hannu ta roba. A hanya har rake na saya mana don murna.

Da muka zauna ciyayya, ba ni Malam Iliyasu ya tambaya ba, tunda mai ciwo ba ya yi wa kansa shaida. Ya ce, "Ɗanbala, yaya kuka yi da likita?"

Ɗanbala ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma. "To, Malam, ya dai ba da magani. Sauran kuma sai Allah."

Aka turo mini murfin kwanona.

Da aka watse na tare Ɗanbala a lungu. "Da kunnenka fa ka ji!"

"Na ji. Amma ka san mutanenmu. In na tsaya maka, gobe ni ma cokali za a miƙo mini."

Wallahi ƙaiƙayin bai taɓa ƙona ni kamar wannan maganar ba. Da maƙiyi ne ya yi, da ban damu ba.

Sau uku na koma wurin likita ni kaɗai. Ya sauya mini mai sau ɗaya, ya yi mini faɗa da na yi wasa da safar. Kafin girbin dawa fata ta kwanta sumul.

Malam Iliyasu ya duba hannuwan ya yi hamdala. Ɗanbala, da murmushinsa, ya gusa ya jawo akushinsa gabana. Miyar kuka ce da man shanu, wadda ya san ina so.

"Bismilla, Hadi. Sa hannu."

Na dube shi. Na sa hannu a aljihu na zaro cokalinsa.

A akushin kowa da hannu nake ci. Nasa kuwa, shekara goma sha tara har ya rasu, da cokalin nan na ci.