Goshin da Ba Ya Zufa

…ba ruwan ƙanƙara ba, likita ta ce mai ɗan sanyi dai — ko kuwa cewa ta yi a naɗe ƙanƙarar a tsumma? Uban yana durƙushe a banɗaki, famfo na zuba, bokiti ya cika har yana jiƙa masa gwiwar wando. Ɗansa na kwance a cinyarsa, jiki rau kamar bulon da ya wuni a rana. Jirgi suke ce masa, don yaron bai iya tafiya ba sai gudu, hannuwa a buɗe, baki na ƙugin inji. Ga hannuwan nan sun saki.

Wuya… hammata… ya jiƙa tawul, ya shafa, ya sake jiƙawa.

Fuska ta yi ja wur, goshi kuwa a bushe ƙamas. Sauran yaran da ke filin bayan gida zufa har cikin ido, riguna sun manne musu a baya, shi ko ɗigo. Tun yana jariri haka yake. "Jikinsa ba ya fitar da zufa," in ji likita, tana juya biro a hannu. "Zafin da ya shige shi ba shi da ƙofar fita. Ku za ku zame masa zufa." Har murmushi ya yi ranar. Shi da ke gashin burodi, yake matse riga a bakin tanda kamar wanda aka tsamo daga rijiya, a ce ɗan cikinsa… ina ma ana ba da aron abin nan, da ya juye masa duka.

Hantsi ne fa. Rana ba ta ma buɗe ba. Ya sa masa hula, ya jiƙa masa riga kafin su fita, gorar fesa ruwa na aljihunsa — me ya bari? Yaron ya daɗe yana manne da taga, hanci a jikin gilashi, yana bin ƙwallon yara da ido. "Baba, ni yaushe zan warke in yi gudu?" Wane uba ne zai ji wannan ya haɗiye? Uwar ta ce a jira yamma, ta faɗa tana ɗaura takalmi za ta wurin aiki, ta sake faɗa daga bakin ƙofa. Ya ce to. To ɗin nan…

Maƙwabci ne ya tsaya gaisuwa. Ya aiki, ya iyali, ya jikin tsohuwa — shi ke nan fa, iyakar abin da ya juya kai ke nan. Da ya waiwayo Jirgi na zaune a tsakiyar fili, ba kuka, ba kira, yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da wani abu. Gara ma da kuka ya yi.

Fanka. A kai shi gaban fanka da jiƙaƙƙen jiki. Ya sungume shi zuwa falo, ruwa na bin sawunsa, kan yaron na lilo a kafaɗarsa. Da nauyinsa haka yake? In ya yi amai, in ido ya juye, in ya daina amsawa, kada ku jira — muryar likita ce, tar a kunnensa. Maƙwabcin ya ruga ɗauko mota. Ina ya tsaya? Motar a wata duniya take?

"Jirgi. Dube ni. Wane ne ni?"

Leɓe na motsi, ba sauti. Allah, kada ka jarrabe ni ta nan. Ta ko'ina, ban da nan.

"…Baba."

Ya kai masa kofi baki. Kaɗan-kaɗan, kada ya ƙware. Maƙogwaron ya motsa. Ya sake motsawa. Uban ya ɗora leɓensa a goshin — ya ragu? Ko bakinsa ne ya saba da zafin?

Ƙahon mota a waje. Wayarsa na ruri a aljihu, uwar ce, kamar jikinta ya ba ta. Me zai ce mata? Ta ina zai fara?

A kujerar baya ya sauke gilashi, iska na kaɗa tawul ɗin. Suna wuce filin, yaran na nan suna wasansu kamar ba a yi komai ba. Jirgi ya ɗaga kai da ƙyar.

"Baba, ka ga na ci ƙwallo?"

Bai gani ba.

"Na gani."

"Gobe ma zan zo?"

Gobe. Da jibi. Da makaranta, lokacin tara, fili ba inuwa, malama ɗaya yara cike da aji, ba wanda zai tsaya taɓa masa goshi… Ya hana shi, ya mai da shi bakin taga? Ya bar shi, ya…

Yaron na jiran amsa. Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri.