Farashin Amalanke

A ofis ba wanda yake kiranta da wani suna sai Mai Farashi. Kamfanin ƙarami ne, mutum tara a ɗaki biyu, kuma wasan waya ɗaya tak suke yi: wata duniyar dodanni da mayu, inda kowa yake zaɓen abin da zai zama, jarumi ko boka ko maƙeri, ya shiga neman kuɗin wasan da suke kira wuri. Wasu suna zana dodannin, wasu suna sa su motsi. Ita kuwa aikinta ta yanke takobi nawa, sulke nawa, kwalbar maganin dafi nawa. Aiki ne da ba a gode wa mai yinsa. In kaya sun yi araha, 'yan wasa su saye komai cikin mako guda su kama gabansu. In sun yi tsada, su zage ta tas a shafin kamfanin, har da iyayenta da ba su san hawa ba balle sauka.

Ran Litinin Oga ya zo ya tsaya a bayan kujerarta da kofin shayi a hannu.

“Wuri ya yi yawa a hannun mutane,” ya ce. “Takobin wuta da muka ce sai an yi wata biyu ana tari, yanzu kwana huɗu ake sayensa. Nemo min inda yake yoyo.”

Ba ta sha wahalar nema ba. Amalanken shanu ne. Duk wanda ya saye shi a dubu huɗu sai ya dinga lodin gishiri daga garin bakin teku zuwa garin kan dutse, sahu uku ya mai da kuɗinsa, sauran duk riba. Ta buga lissafi, ta sake bugawa, amsar ba ta canza ba. Sai amalanke ya koma dubu goma kafin kasuwar wasan ta dawo hayyacinta.

Kada wani ya yi mata uzuri ya ce mantawa ta yi da Yaya. Ba ta manta ba. Fuskarsa ce ma ta fara faɗo mata a rai.

Yaya shi ne babban wansu, shi ya biya mata makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Shekara goma sha tara yana jan tirela, sai hatsari ya taɓa masa laka, ƙafafu suka daina. Shekara biyu ke nan yana tsakanin gado da keken guragu. Ita da kanta ta saka masa wasan a waya don ya rage zaman shiru. Da ta ce ya zama jarumi, dariya ya yi, ya ce shi da ko ɓera sai matarsa ta kashe. Masunci ya zaɓa. Kullum da safe ya jefa ƙugiya a kogin wasan, ya kai kifi kasuwa, wuri goma sha biyu kowane ɗaya. Wata uku yana tarawa, ko takalmi bai saya wa masuncin nasa ba. Amalanke yake so, ya koma kan hanya.

Ta rubuta dubu goma, ta tura wa Oga. Ya ce madalla, ran Alhamis sabon farashi zai fara aiki, kuma kada kowa ya ji kafin nan.

Ran Laraba da yamma ta biya gidan Yaya kamar yadda ta saba. Ta same shi a falo, filo biyu a bayansa, waya a kan cinya.

“Auta, zo ki gani,” ya ce. “Saura ɗari uku. Kuma na bi hanyar gishirin nan a ƙafa, na haddace ta. Akwai wata kwana a gindin dutsen, in ba ka rage gudu ba kaya sai su zube. Wanda ya zana ta ya san hanya, ki gaishe min da shi.”

“Zai ji, Yaya.”

“Mako mai zuwa war haka ina tafe da lodi.”

“Allah Ya kai mu,” ta ce, ta sunkuyar da kai cikin kwanon da matarsa ta ajiye mata. Da ta buɗe baki ta faɗa, da ya dage da kamun kifi ya cike ɗari ukun kafin Alhamis. Ta yi ta juya maganar a baki, tana tuna dokar Oga, tana tuna dubban mutanen da ba su da ƙanwa a ofis. Duk gaskiya ne. Amma ta san har da tsoro a ciki, kuma tsoron ya fi yawa.

Alhamis bayan an tashi aiki, matar Yaya ce ta tare ta a bakin ƙofa.

“Me kuka yi wa yayanki? Tun safe ko shayi bai kurɓa ba.”

Ta shiga tana jiran faɗa, har so take ya yi faɗan. Bai yi ba.

“Aikinki ne, na sani,” ya ce. “Mai kaya shi ke sa kuɗin kayansa. Abu ɗaya zan tambaye ki. Jiya da kika zauna a nan, kin sani?”

“Na sani, Yaya.”

Ya gyaɗa kai a hankali. “To, ba komai. Kifi bai ƙare a kogi ba.”

Ya ɗauki wayar ya jefa ƙugiya. Wannan “ba komai” ta fi mata mari ciwo. A hanyar gida ta yi lissafin da ba wanda ya sa ta: a yadda yake kamun kifi, sai ya ƙara wata biyar.

A kwamfutar ofis akwai wata ƙofar baya ta shiga wasan da ake mai da wa ɗan wasa kayansa in matsala ta cinye su. Ran Juma'a, da abokan aiki suka fita cin abincin rana, ta buɗe ta, ta nemo masuncin Yaya, ta zuba masa wuri dubu shida da ɗari uku. Ta rufe da sauri kafin wani ya shigo ya kama ta. Duk da haka ranta ya yi sanyi, har ta ci abinci da daɗi a karon farko tun Litinin. Ita a ganinta ta wanke laifinta.

Asabar da hantsi ta tafi da murnarta, tana sa ran ta tarar da shi yana ba matarsa labarin kwanar gindin dutse. Sai ta tarar da wayar a kife kan tebur, nesa da hannunsa. Shi kuma yana kallon bango.

“Yaya, ina kwana. Ba ka fita hanya ba?”

“Zauna, Auta.”

Ta zauna a bakin kujera.

“Ke kika zuba?”

Ta yi niyyar cewa kyauta ce daga kamfani, amma idonsa yana kanta. “Ni ce. Haƙƙinka ne, Yaya. Ni na ja maka.”

“Haƙƙina dubu uku ne da ɗari bakwai, da 'yan kai. Na san kowane kifi da ya kawo su.” Ya gyara zanen da ya rufe masa gwiwa. “A gidan nan abinci a ba ni. Wanka a yi min. Kuɗin haya ku haɗa. Maƙwabci ya shigo ya ce sannu, ya cusa min wani abu a ƙarƙashin filo, ni kuma na yi godiya. Ban taɓa ƙi ba, kin sani. Waje ɗaya ya rage min da nake fita na nema da kaina, in an yi min tsada na ji haushi kamar kowa. Shekaranjiya na ji haushinki, Auta, kuma wallahi ya yi min daɗi. Rabon da wani ya ɓata min rai bai ji tausayina ba har na manta.”

Hawaye ya cika mata ido. “Zan cire, Yaya. Litinin da sassafe zan cire, ya koma yadda yake.”

“Ko kin cire. A can ba wanda ya san ni gurgu ne. Yanzu kuwa an sani.”

Ya miƙa hannu zai ɗauki wayar, hannun bai kai ba. Ta ɗauko za ta ba shi, ya girgiza kai.

“Goge min wasan kawai. In kin gama ki kira min antinki, lokacin juya ni ya yi.”