Ledar Kawu Baballe

Fanka biyu, kowacce a kan dunƙulen jan ƙarfe mai haƙora kamar matsefi. Sirinji ɗaya na farin mai. Sukudireba. Burodi. Abin da ke cikin jakata ke nan a danfo, motar haya, daga Ikeja zuwa Agege, wata mai kwandon tattasai tana danne min kafaɗa.

Ban daɗe da dawowa daga karatu a Malesiya ba Kawu Baballe, ƙanen mahaifiyata, ya sa ni a shagonsa na haɗa bidiyon biki, kusa da layin dogo. Ya sayi kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu, yana faɗa wa kowa. Fankokin da ta zo da su kuwa ƙanana ne. Da an ɗora mata aiki mai nauyi sai ta ɗau zafi ta mutu.

Aikin da ke kanta bikin Haoua ne, 'yar wani dillalin shanu. Washegari da safe za a wuce da amarya Damagaram, kuma uwarta, Hajiya Zuliha, ta ce kaset ɗin a akwatin amarya zai tafi. In bai tafi ba, duk gidan suna a Agege sai an ji labarin shagonmu. Kullum kwamfutar tana mutuwa ne daidai inda Hajiyar ta shigo filin rawa.

"Nauyin matar ne," in ji Kawu. "Ko ƙasa sai da ta motsa ranar."

Kawu ba ya cire leda daga sabon abu. Kujerun motarsa suna cikin leda tun zamanin soja. Haka rimot, haka agogon bango, haka kujerar baƙi, wadda in ka tashi daga kanta sai ta yi ƙara kamar an yage zane. Abu mai leda sabo ne. Marar leda tokumbo ne, kwancen Turawa.

Na buɗe kwamfutar, na cire tsoffin fankokin. A gindin kowane sabon ƙarfe akwai 'yar leda shuɗiya. Na ɓare.

"Ke, Ni'ima. Me ya yi miki?"

"Cirewa ake yi, Kawu. Dole ƙarfen ya taɓa ƙwaƙwalwar, shi zai janye zafin, fanka ta kore shi."

"Ko awa bai yi a shagona ba kin mai da shi tokumbo."

Na ɗiga farin man, na ɗaura, na danne maƙalan. Sai na shiga gida yin azahar.

Da na dawo na kunna, na saki aikin. Ba mu ma kai ga Hajiya ba. Ana cikin jera kujeru a bidiyon, kwamfutar ta mutu. Kawu yana kallon titi, ya ƙura wa wani ɗan okada ido kamar ɗansa ne.

Na sake buɗewa. Kawu ya taɓa gyaran rediyo, ya iya sukudireba. Ledojin sun koma inda suke, an lallaɓa su ba ko tanƙwara. Man kuwa an goge shi tas.

"Datti na gani," ya ce. "Kamar kashin tsuntsu. A can Malesiyar ba a koya muku tsafta ba?"

Sauran man da ke sirinjin na shafawa sau ɗaya ne kawai. Ban yi gardama ba, don da Kawu aka yi gardama a kan leda har matarsa ta yi yaji ta dawo, ledar tana nan.

"Kawu, wa zai ga ledar nan a ciki?"

Ya leƙa cikin kwamfutar.

"Kwastoma ya shigo, murfi a rufe. Ta ina zai san sabuwa ce? Ɓarnar leda kawai."

Na ɓare su, na manna a gaban kwamfutar, ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai idon mai shigowa. Kawu ya ja da baya ya duba. Ya fita baranda ya sake shigowa kamar baƙo. Ya gyara ta hagun da ɗan yatsa.

"Ashe dai karatun bai tafi a banza ba."

Na matse sirinjin har ƙarshe, na ɗaura, na kunna. Fankokin suka ɗauka, iska mai ɗumi tana fita ta baya. Aka jera kujeru. Makaɗa suka zo. Hajiya Zuliha ta shigo fili, ta juya, ta durƙusa, ta miƙe, ta yi rawarta har ta gaji ta zauna. Kwamfutar ko gezau. Saura sa'o'i kafin ta gama, amma in an bar ta, za ta gama.

Na juya in faɗa wa Kawu, ba ya nan. Can sai ga shi yana jan wata ƙatuwar ledar katifa, da salatif a baki.

"Tunda abin na gani ne, a rufe ta gaba ɗaya. Har bayan, inda ƙura ke shiga."

"Ta nan take numfashi, Kawu."

"A huda mata ƙofa ɗaya."

"To. Amma ledar nan duk ƙura ce. Ka karkaɗe ta a waje tukuna."

Ya fita baranda ya kama karkaɗawa da gaske. Na tura ƙofar, na murɗa makulli.

"Ni'ima? Ke 'yar nan, shagona ne fa."

"Naka ne, Kawu," na ce ta bayan ƙofa. "Amma ba zan buɗe ba sai kaset ɗin Haoua ya fito. Kuma daga yau leda iyakarta baranda."